Darasi na Huɗu: Tarawa da Ɗebewa, Sunayensu da Dabarunsu

To iyayena da yayyena, lissafin nan kun daɗe kuna yinsa da ka tun kafin ku riƙe fensir, abin da ya rage mana kawai shi ne mu san sunan kowane abu da yadda ake zaunar da shi a takarda.

In aka haɗa lamba da lamba shi ne tarawa, alamarsa +, abin da ya fito kuma sunansa jimla. Wato 8 + 5 = 13, a karanta "takwas a tara da biyar daidai yake da goma sha uku". In kuwa cirewa aka yi to ɗebewa kenan, alamarsa ɗan layi ɗaya a kwance −, amsar kuma tana da suna biyu. In kana da littafi 9 ka bayar da 4, biyar ɗin nan saura ce. In kuma mai shekara 47 ne da mai shekara 39 kake so ka san tazararsu, ai babu abin da aka cire wa kowa, takwas ɗin nan bambanci ne, amma aikin duk ɗaya. Layuka biyun nan = kuwa wani likita ɗan Birtaniya, Robert Recorde, shi ya fito da su a 1557 don ya gaji da maimaita rubuta "daidai yake da", kun ga ashe ba ku kaɗai rubutu ke gajiyarwa ba.

Tarawa ba ruwanta da wanda ya riga zuwa. 3 + 9 da 9 + 3 duk 12 ne, shi ya sa in za ka ƙirga da yatsu ka fara daga babbar, ka riƙe tara a ka sai ka ce goma, sha ɗaya, sha biyu, shikenan, ba sai ka fara daga uku ka ƙare yatsunka ba. Haka in lambobin sun kai uku kana da ikon haɗa waɗanda suka fi maka sauƙi tukuna, kamar 7 + 6 + 3, haɗa 7 da 3 su ba ka goma, ɗora 6, 16.

Ɗebewa fa ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. 9 − 3 shida ne, amma 3 − 9 wani zance ne daban, ba za ka cire duwatsu tara daga uku ba. Ko haɗa rukuni ma ba ta ɗauka, gwada 10 − 4 − 3, in ka bi daga hagu zuwa dama 3 za ka samu kuma ita ce daidai, in ka yi gaggawar cire 3 daga 4 tukuna sai ka tashi da 9.

Sifili in ka tara shi ko ka ɗebe shi lamba tana nan yadda take, 14 + 0 = 14. Amma kar a raina shi a rubutu, shi ke tsare gidan da babu kowa, 305 in ka yar da shi ta koma 35.

Yanzu ga dabarar da ni dai a ganina ta fi kowacce, cika goma. Ku haddace abokan goma kamar sunayenku, 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. In aka ce 8 + 5 sai ka tambayi kanka nawa takwas ke nema ta cika goma, biyu, ka ciro biyun daga biyar saura uku, goma da uku 13. Ko lambar ta girma hanyar ba ta canza ba, 38 + 5 ka cika 40 ka ɗora 3, 43. Kuma abin sha'awa wannan dabarar tana cikin bakinmu tun tuni, ai mukan ce ashirin ba ɗaya maimakon goma sha tara, ashirin ba biyu maimakon sha takwas. To 46 + 19 sai ka tara 20 ka samu 66 ka cire ɗayan da ka ƙara, 65. A ɗebewa ne ake tuntuɓe, 73 − 29 ka cire 30 saura 43, to ka cire fiye da kima da ɗaya don haka mayar da shi za ka yi, 44, ba ka sake cirewa ka ce 42 ba. In kuma lambobin suna kusa da juna kamar 52 − 47 kar ka wahalar da kanka, taka daga 47 zuwa 50 uku, zuwa 52 biyu, biyar kenan.

Sai aro. A 52 − 27 in an jera su sama da ƙasa, gidan ɗai-ɗai yana da 2 a sama 7 a ƙasa, da yawa sai su juya su ce bakwai a ɗebe biyu, su ƙare da 35, kuskure ne, mun riga mun ce ɗebewa ba ta sauya wuri. Ari goma ɗaya daga gidan goma-goma, 2 ta zama 12, cire 7 saura 5, biyar ɗin da aka ara a wurinta ta koma 4, cire 2 saura 2, amsa 25. In kana shakka tarawa ce za ta raba gardama, tunda abin da ɗebewa ta cire ita ke mayar da shi, 25 + 27 = 52 daidai, amma 35 + 27 zai ba ka 62, nan take ka gane an yi ɓarna.

Aikin gida: ku yi 9 + 6 da 57 + 8 ta hanyar cika goma, ku yi 34 + 29 ta hanyar "talatin ba ɗaya", sannan 81 − 76 da 63 − 38, kowace ɗebewa ku gwada amsarta da tarawa a gefen shafi kafin ku kawo.