Zuwa dutsen ƙanƙara a yini ɗaya daga Istanbul: kurakuran da mutanenmu suka fi tafkawa

Da an shiga Disamba tambayar nan take fara yawo a guruf ɗin ɗalibanmu na Turkiyya da na 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya Laleli da Aksaray, wai wane dutse ne ya fi kusa da Istanbul, a je da safe a ga dusar ƙanƙara a ɗan taɓa wasan zamiya a kan ƙanƙara, wato ski, a dawo a kwana a gida. Amsar da kowa yake cillowa ita ce Uludag ko Kartepe, wani ya ƙara da Kartalkaya, shikenan sai a buɗe taswira a waya a ga wanda ya fi gajeren layi a ce nan za mu. Toh daga nan matsalar take farawa, don taswira kilomita take nuna maka, ba ta gaya maka awa nawa ƙafarka za ta yi a kan ƙanƙara, kuma abun da ka biya kuɗi dominsa kenan.

Ɗauki Uludag tunda shi ne kowa ya fi sani. Yana saman garin Bursa, ƙololuwarsa mita 2,543, wurin wasan da otal-otal ɗin kuma suna ƙasa da haka, wajen mita 1,800 zuwa sama. In ta ruwa za ka bi, jirgin da yake tashi daga Istanbul zuwa gaɓar Mudanya kusan awa 2 yake ci, ka sauka ba Bursa ka zo ba tukuna, akwai wajen kilomita 30 a gabanka, sai bas, sai jirgin ƙasan cikin gari, sai wata motar kuma da za ta kai ka unguwar Teferruc inda teleferik yake, wato akwatunan nan masu tafiya a jikin igiyar ƙarfe, shi ma tsawonsa wajen kilomita 9 ne kuma yana cin kusan rabin awa kafin ya sauke ka tashar otal-otal, wannan fa in ba layi. Haɗa duka ka gani. Wanda ya bar ɗaki ƙarfe 9 na safe yana cewa ai kusa ne, sai bayan azahar zai taka ƙanƙara, ya tsaya layin hayar kayan wasa ya gwada takalmi ya sayi kati, kafin ya ankara ana shirin tsayar da kujerun hawa masu kai 'yan wasa saman gangare, don yawanci tsakanin 4 da rabi zuwa 5 na yamma ake rufewa. Gyaran ba wani abu ba ne, lissafin daga baya ake fara shi: ka fara da lokacin rufewa, ka cire awannin da kake so ka yi wasa, ka cire awa guda ta haya da layi, ka cire hanya, abun da ya rage shi ne lokacin fitarka daga gida. Za ka ga ya faɗa cikin duhu, don a watan Janairu rana ba ta fitowa a Istanbul sai ta wuce 8 da kwata, kaga kenan sallar asuba ma wani lokacin a tashar jirgi ko a hanya za ta riske ka. In da mota ne gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016 ta rage tafiya sosai, wajen awa 2 ka shiga Bursa, amma kuɗin gadar da na babbar hanya ba wasa ba ne, a sa shi cikin karo-karo tun farko kar a zo ana kallon-kallo a hanya.

Abu na biyu da yake ba ni takaici, mutane ba sa tsayawa su tambayi kansu me ma za su je yi. Akwai bambanci tsakanin Hajiya da yaranta da suke son su taɓa ƙanƙara da hannu su hau ɗan keken zamiyar nan na roba a yi hotuna a tura gida, da matashin da ya ƙudurta sai ya koyi tsayuwa a kan allunan zamiyar nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Na farko ba ya buƙatar wahalar Uludag sam. Kartepe na jihar Kocaeli ya ishe shi, yana saman tafkin Sapanca, daga ɓangaren Asiya na Istanbul awa ɗaya da rabi zuwa 2 ka isa ƙauyen Masukiye da ke gindinsa, ka hau, ka dawo ka ci kifi a ƙauyen, yini ya yi kyau. Amma Kartepe gajere ne, tsayinsa bai wuce wajen mita 1,600 ba, kuma tsayi shi ne komai a harkar nan. Duk mita 1,000 da ka hau sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri 6 da rabi, shi ya sa ranar da ake zuba ƙanƙara a saman Uludag za ka iya tarar da ruwan sama da laka a wurin da bai kai shi tudu ba. A farkon Disamba ko ƙarshen Maris gajeren dutse caca ne kawai. Kartalkaya na jihar Bolu kuwa ƙanƙararsa ta fi tabbas, hanyoyin zamiyarsa suna kaiwa wajen mita 2,200, sai dai tafiyar ta kai awa 3 da rabi zuwa 4 a mota, je ka dawo ka ƙarar da yinin a kujera, ni dai ba na sa shi cikin wuraren yini ɗaya sai ga wanda ya riga ya iya wasan kuma akwai direba biyu a motar.

Sai iska, wadda ita ce ainihin mai yanke hukunci amma ba wanda yake tuna ta. Kowa yanayin Istanbul yake dubawa a waya, ya ga rana ya ce alhamdulillahi gari ya yi kyau. A yankin Marmara, inda Istanbul da Bursa suke, akwai iskar kudu maso yamma da suke kira lodos, mai ɗumi ce kuma mai ƙarfi, in ta taso abu uku take yi maka a lokaci ɗaya: a soke jiragen ruwa na Bursa, a tsayar da teleferik, sannan ta narkar da ƙanƙarar da ka taso dominta ta koma ruwa-ruwa. Mutum ya sayi tikiti tun sati biyu da suka wuce don ya samu araha, ranar ta zo da lodos, shikenan. Abun yi shi ne kar ka ɗaure kanka da rana ɗaya tilo in hutunka yana da sarari, ka ware kwana biyu ko uku ka zaɓi wadda ta fi, daren tafiya ka duba shafin hukumar yanayi ta Turkiyya, MGM, suna saka kaurin ƙanƙarar kowane dutse, ka duba sanarwar kamfanin jirgin da ta teleferik, da safe kuma kafin ka fita ka leƙa kyamarorin da suke nuna dutsen kai tsaye a intanet. Hoton Instagram ba hujja ba ne dan Allah, wani na bara ne aka sake ɗorawa.

Ranar zuwa ma haka. Asabar da Lahadi duk Istanbul da Bursa can suke kwarara, sannan akwai hutun tsakiyar zangon 'yan makaranta na sati 2 da yake faɗowa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, lokacin layin teleferik kaɗai zai iya cinye maka awa guda ko fiye, farashin komai kuma ya tashi. Ɗalibi ko ɗan kasuwan da yake da ikon zaɓar Talata ko Laraba ya je ya zaɓi Lahadi, wallahi ya cuci kansa.

Yanzu bari in ɗan tsaya a kan motocin yawon buɗe ido ɗin nan da ake tallarsu a bakin titi a Sultanahmet da Taksim, a ce maka Bursa da Uludag yini ɗaya har da abincin rana, farashi kamar kyauta. Ba wai ƙarya suke yi ba, za su kai ka. Amma ka karanta jerin wuraren tsayawa da kyau, akwai shagon alewa, akwai shagon zuma, akwai wurin hawa babur mai ƙafa huɗu, akwai wani tsohon icce da za a tsaya a yi hoto, dutsen shi ne na kusan ƙarshe kuma abun da ake ba ku a sama sau da yawa bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. Ga mai son gani da ido kawai ba laifi, ya huta da neman bas da tambayar hanya. Ga mai son koyo kuwa asara ce, don awa ɗaya ko saka takalmi da saba tafiya da shi ba ta isa ba. Tambaya ɗaya za ka yi musu kafin ka biya, ƙarfe nawa muke isa sama kuma ƙarfe nawa muke saukowa, sannan kuɗin ya haɗa da teleferik da kayan haya ko a'a. In suka fara kewaye-kewaye ka san amsar.

Masu hayar mota su tuƙa da kansu kuma, hanyar Uludag daga Bursa wajen kilomita 35 ce ta kwana-kwana a cikin daji, gandun gwamnati ne akwai kuɗin shiga a ƙofa, kuma ranar da ƙanƙara ta sauka jami'an tsaro na jandarma suna tsayar da duk motar da ba tayar hunturu ko sarƙar da ake ɗaura wa taya. Wanda duk tuƙinsa a Kano zuwa Kaduna ya koya, bai taɓa jin yadda mota take sulalewa ana taka birki tana ci gaba da tafiya ba, ba ranar da ya ɗauko iyali ya kamata ya fara gwaji ba. Aje motar a ƙasa ka hau teleferik ko ƙananan bas ɗin da suke jigila, direbobinsu aikinsu kenan kullum. Ka kuma tambayi farashin teleferik ɗin tun kafin ka je, na baƙi daban yake da na 'yan ƙasa.

Maganar kaya. Mu da muka taso da sanyin hunturu muna ɗauka maganin sanyi shi ne a jibga kaya, riga kan riga, wandon jins biyu, safa uku. A kan ƙanƙara jiƙewa ce abokiyar gaba, jins in ya sha ruwa ba ya bushewa, auduga in ta sha gumi sai ta manne a jiki ta yi sanyi ƙarara. Abun da ake so riga mai kama jiki wadda ba auduga ba a ciki, suwaita a tsakiya, sai jaket da wando marasa shan ruwa a waje, waɗannan biyun ana bayar da hayarsu, kuma a cikin gari ko a gindin dutse sun fi araha kan sama. Safa ƙafa ɗaya tak, doguwa, kar ka cusa bakin wando a cikin takalmin don duk wata 'yar tattara sai ta zame maka ciwo a ƙwauri bayan awa guda. Mai shagon haya zai tambaye ka nauyinka da tsayinka, nan wasu suke jin kunya su rage kilo goma, wasu su ce sun iya alhali yau suka fara. Ba don gulma yake tambaya ba, da wannan lambar yake saita maƙallin da yake riƙe takalmi a jikin allon, don in ka faɗi ya saki ƙafarka, in aka saita ba daidai ba ko ya dinga sakinka a banza ko ya ƙi saki gwiwa ta murɗe. Faɗi gaskiya kawai. Safar hannu da tabarau dole ne, sabuwar ƙanƙara tana maido da kusan kashi 80 na hasken rana mai ƙuna, baƙar fata ba ta hana ido ciwo, leɓe kuma a sa basilin ko man kaɗanya a aljihu.

Kar ka yi saurin sayen katin yini guda na hawa kujeru in yau ne farkonka, yawancin masu farawa a ɗan gangaren koyo suke ƙare yininsu, kuɗin gara ka ba malamin koyarwa na awa ɗaya ko biyu, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba. In za ka saya kuma ka tambaya katin yana aiki a kan waɗanne kujeru, don Uludag yanki biyu ne. Launin alamomin hanyoyin zamiya ma ba ado ba ne, kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi kuwa ko aboki ya rantse maka da sauƙi kar ka bi shi. Hazo yana rufe Uludag cikin 'yan mintuna, masu ɓata yawanci waɗanda suka bar hanya suka shiga cikin itatuwa neman wurin hoto ne, lambar gaggawa 112 ce, kuma sanyi yana zuƙe batirin waya da wuri don haka a aljihun ciki za ka sa ta. Inshorar tafiya da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan ƙanƙara sai an ƙara shi daban, duba takardarka.

Sallah ma a sa ta a lissafi, a Janairu azahar wajen 1 da kwata take shiga, la'asar kafin 4, duka biyun a sama za su same ka. Cire takalman nan da mayar da su aiki ne, ruwan famfo kuma kamar ya tsinke yatsa, mafi sauƙi ka yi alwalarka kafin ka saka su, ka tambayi inda masallaci yake tun isarka ba sai lokaci ya ƙure ba.

Dawowa ita ce ake mantawa gaba ɗaya. Ƙarfe 5 kowa yake son sauka a lokaci ɗaya, layin teleferik na sauka ya fi na hawa, jirgin ruwan ƙarshe kuma ba ya jiran kowa. Sayi tikitin dawowa tun da safe, ka mayar da kayan haya rabin awa kafin a rufe, in ka sauko da sauran lokaci ka yi magariba a Ulu Cami, babban masallacin Bursa, ka ci gasasshen naman nan iskender a garin da aka ƙirƙiro shi, in jirgin ya kuɓuce akwai bas daga tashar Bursa zuwa Istanbul har dare. Wanda kuma hutunsa ya kai sati kuma da gaske wasan yake so, ya daina wahalar da kansa daga Istanbul, ya hau jirgin sama zuwa Kayseri ya sauka a cikin gari, dutsen Erciyes kilomita 25 ne kawai daga nan, ko Erzurum inda Palandoken yake a bakin gari, can ne za ka karya kumallo a nutse ka hau ka yi wasanka ka dawo ɗaki kafin isha'i, gobe ma ka koma.