Yadda Ake Sassaƙa wa Jita Mai Mazurari Sabon Wuya

Jita mai mazurari, wadda makaɗa ke kira rezoneta, ba katakon fuskarta ne ke fitar da sauti ba. A cikinta akwai siririn mazurarin alminiyum da bai kai rabin milimita kauri ba, shi ne ke amsa girgizar tsirkiya ya ƙara mata amo. John Dopyera ne ya ƙirƙiro ta a Amurka, kamfanin National ya fara sayar da ita a 1927, daga baya shi da 'yan'uwansa suka kafa kamfanin Dobro. Da yawa daga cikin tsofaffin nan gangar jikinsu ta ƙarfe lafiya lau take har yau. Wuyan ne ke lanƙwashewa ko ya karye a kai, musamman da yake na wancan zamanin ba su da rodin da ake juyawa a miƙar da wuya.

Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne, a mai mazurari ɗaya, jakin da tsirkiya ke hawa yana zaune ne a tsakiyar mazurari, kuma ba ya matsawa gaba ko baya. Tsawonsa ma ba ka da iko sosai a kansa, domin murfin ƙarfen da ke rufe mazurari yana da wata gada a samansa. Saboda haka wuyan ne zai bi jaki. Duk awon da za ka yi, daga kan jakin zai taso.

Ka auna kafin ka kwance

Kada ka taɓa sukuddireba sai ka rubuta awo. Ko da tsohon wuyan ya karye, akwai abin da zai gaya maka. Auna daga bakin matashin tsirkiya, wato ɗan ƙashin nan da ke saman wuya, zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu (firet su ne 'yan wayoyin ƙarfen nan da ke gicce a kan wuya). Wannan shi ne tsawon tsirkiya mai kaɗawa. A yawancin masu mazurari ɗaya za ka samu inci 25, kimanin milimita 635, amma kada ka ɗauka haka taka take, ka auna. Sannan ka auna daga sirdin jaki, wato siririn bakinsa da tsirkiya ke kwanciya a kai, zuwa gefen jiki inda wuya ke haɗuwa da shi, ka ƙirga a firet na nawa suka haɗu, na 12 ko na 14. Ɗauki faɗin wuya a wurin matashi da kuma a mahaɗa, da kaurinsa, da tsawon sirdi daga fuskar jita.

Nan ne wasu ke sha'awar yin wayo, su ce tun da sabon wuya za a yi, bari a mayar da mai 12 ya zama mai 14 don yatsu su ƙara samun fili. Lissafi ba ya yarda. A tsawon milimita 635, tsakanin firet na 12 da sirdi akwai 317.5, tsakanin na 14 da sirdi kuwa kimanin 283 ne. Jikin da aka ƙera don 12, in ka tilasta masa 14, sai tsawon tsirkiya ya kai wajen milimita 713. Ka yi wata jitar daban ke nan, mai kauri a murya, ba wadda aka kawo maka gyara ba.

Kwancewa

Sassauta tsirkiyoyi kaɗan-kaɗan, kana zagayawa, kada nauyi ya taru a gefe ɗaya na mazurari. Cire mariƙin tsirkiya na gindi, ka kwance murfi. Kafin ka ɗaga mazurarin, ka yi masa alama da fensir, ka yi wa mazauninsa, don ya koma yadda ya saba zama. Ka ɗauke shi kamar ɗanyen ƙwai, ka sa shi a kwali can nesa da teburin aiki.

Yanzu leƙa ciki. A mai jikin ƙarfe za ka ga doguwar sanda ta katako ta taso daga dunduniyar wuya, wato kakkauran gindinsa da ke haɗuwa da jiki, ta ratsa ƙarƙashin mazaunin mazurari har gindi. Ita ce ke ɗauke da wuyan. Sukurori na riƙe ta a mazauni da kuma gindi, akwai kuma 'yan gajerun turaka da ke tokare ta da bayan jita. Ɗauki hoto, ka lambata kowane turke da kowane ɗan weji da ka tarar, ka zana inda yake. Ƙarshen allon yatsu kuma da sukurori aka ɗaure shi a fuskar ƙarfen, galibi an ɓoye kawunansu a ƙarƙashin fararen ɗigogin nan na ado. Sai ka tono ɗigogin kafin ka gan su. Wanda bai san da su ba ya ja wuya da ƙarfi, allon ne zai tsage.

Masu jikin katako sun bambanta. Wata da gajeriyar sanda, wata da noti, wata kuma an yi mata haɗin kafinta da gam. Abin da ka tarar shi za ka kwaikwaya.

Zane da katako

Tun ran gini ran zane. Samu babbar takarda ka zana jitar ta gefe da ainihin girmanta: fuskar jiki, sirdi, layin tsirkiya, allon yatsu, dunduniya, sanda. A kan takardar ne za ka ga kusurwar da wuya zai kwanta, tun ba ka ɓata katako ba.

Mahogani da mapul su ne aka fi yin wuya da su, allon yatsu kuma eboni ko rozwud. Sunan itacen bai kai bushewarsa muhimmanci ba. Ana son danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, jijiyarsa ta miƙe daga kai har gindi ba kulli. In ka dubi bakin katakon, layukan su tsaya a tsaye. Idan ba ka samu irin wannan ba, tsaga shi gida biyu, ka juya ɗaya, ka manne su. Ɓarin da ya so karkata, ɗan'uwansa zai riƙe shi. Tsirkiyoyi shida na ja da nauyin da ya haura kilo 70 dare da rana, ɗanyen katako ba zai jure ba.

Goge fuskar saman ta kwanta sumul, ka ja layin tsakiya. Wannan layin kada ya ɓace maka har ƙarshen aiki, in ka goge shi ka sake ja.

Don kai, yanka katakon a karkace da kusurwar digiri 14 ko 15, ka juya guntun ka manne shi ta ƙasa. Ya fi a sassaƙo kan daga dunƙule ɗaya ƙarfi, domin jijiyar itacen na bin kan maimakon ta gitta shi, kuma a daidai wurin nan ne wuya ya fi karyewa. Dunduniya kuma gutsattsarin katakon nan za ka jera ka manne har su kai zurfin jiki. Sayi makullan ɗaure tsirkiya tun yanzu, ka huda ramuka daidai da su. Kada ka huda sannan ka tafi neman waɗanda za su shiga.

Fafe ramin rodi a kan layin tsakiya tun gefunan katakon na miƙe. Rodi mai juyawa ta fuska biyu ya fi. Ya shiga ramin cif ba ya girgiza, samansa daidai da fuskar wuya, kuma ka tabbata bayan sassaƙa za a bar aƙalla milimita 3 na katako a ƙarƙashinsa. Bakin juyawar ya fito ta wajen kai, don ta ciki sanda ta tare hanya.

Sandar ciki

In tsohuwar sandar lafiyayya ce, ana iya raba ta da tsohon wuya a sake amfani da ita, ramukanta ma sun riga sun dace da jikin. In sabuwa za ka yi, katako mai tauri kuma miƙaƙƙe za ka nema. Fafe mata gurbi a dunduniya da kurfi, mai zurfi, ta shiga da ɗan matsi. Kada ka sa gam tukuna. Kusurwar da ta shiga dunduniya ita ce kusurwar wuyan gaba ɗaya, kuskuren da ido ba ya gani a nan zai zama milimitoci a kan sirdi.

Allon yatsu

Raba tsawon tsirkiya da 17.817, ka samu nisan firet na farko. A 635 zai ba ka 35.64. Cire wannan daga 635, ka sake raba ragowar da 17.817, ka samu tazarar na biyu, 33.64. Haka za ka yi ta yi. Amma a wajen sa alama, kowane firet ka auno shi daga matashi, kada ka auna daga na bayansa, in ba haka ba ƙananan kurakurai za su taru. Na 12 dole ya faɗo a rabi daidai. Zarton da za ka tsaga da shi bakinsa ya dace da ƙafar wayar firet, yawanci milimita 0.58. Wanda bai amince da hannunsa ba ya sayi allon da aka riga aka tsaga, ba abin kunya ba ne, muddin tsawon ya zo ɗaya.

Rufe rodi da siririn salatif kada gam ya shige shi, kafa 'yan ƙananan ƙusoshi biyu a cikin tsagar firet don allon kada ya zame, sannan ka manne ka matse ya kwana.

Gwajin kusurwa

A nan za ka daɗe, kuma ya cancanta. Zura sanda, ka zaunar da dunduniya a jikin jita, ka mayar da mazurari da jakinsa ba tare da murfi ba. Abu uku kake dubawa.

Na farko nisa. Daga tsakiyar tsagar firet na 12 zuwa sirdi ya zama rabin tsawon tsirkiya, da ƙarin milimita 2 ko kusa da haka, domin danna tsirkiya na ɗan ƙara mata tsauri. In nisan ya yi yawa, rage fuskar dunduniya. Ka bar ta da ɗan saura tun wajen yanka, ragewa ta fi ƙari sauƙi.

Na biyu tsakiya. Ɗora doguwar rula a gefen allon na dama, sannan na hagu, ka ga ko jaki ya faɗo tsakaninsu daidai. In ya karkata, kunci ɗaya na dunduniya za ka goge. Saka samfefa tsakanin dunduniya da jiki, yashin na fuskantar katako, ka danna ka zare, kana ƙirga sau nawa.

Na uku kwanciyar wuya. Ɗora rular a tsakiyar allon har ta kai jaki, ka tuna da ƙara tsawon firet in ba ka kafa su ba. Ƙa'idar ita ce, duk tazarar da kake so tsakanin tsirkiya da firet na 12, ninkinta biyu ne zai kasance tsakanin bakin rula da saman sirdi. Kana son milimita 2.5, rular ta sauka kimanin milimita 5 ƙasa da saman sirdi. Ka ɗan bar wuyan ya fi haka kwanciya baya kaɗan, domin tsirkiya za ta jawo shi gaba, mazurarin ma zai ɗan nutse. In wuya ya kwanta baya fiye da kima, sai an sa dogon sirdi, tsirkiya ta danne mazurari ta shaƙe masa murya, wani lokaci ma ta murƙushe shi, ga kuma gadar murfi da za ta taɓa. In bai kwanta sosai ba, sirdi zai gajarce, dannin ya yi kaɗan, sautin ya zama siriri mai karkarwa. Ƙaramin gyara ana yinsa da siraran weji tsakanin sanda da mazaunin mazurari. Babban gyara kuwa a gurbin dunduniya ake yi. Sai ukun nan sun zauna sannan ka manne sanda.

Sassaƙa da kafa firet

Da magagari za ka fara. Fitar da siffar a wurin firet na farko da kuma kusa da dunduniya, sannan ka haɗe tsakaninsu da dogon ja. Milimita 21 zuwa 22 a firet na farko kauri ne da hannu ke jin daɗinsa, ko da yake masu kiɗa da kwalbar da ake sa wa a yatsa ana goga wa tsirkiya sukan so wanda ya fi haka cika. Ka riƙa rufe ido kana shafawa, tafin hannu ya fi ido gane tudu.

In jitar mai wuya murabba'i ce, wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe, wannan wahalar ta ragu. Gefuna kawai za ka kashe wa kaifi, firet alama ce kurum, matashi kuma dogo ne, yana ɗaga tsirkiya kusan santimita guda.

Kafa firet da ƙaramar guduma mai kan roba, daga gefuna zuwa tsakiya. Datse bakuna, ka goge, ka daidaita samansu da miƙaƙƙen katako mai samfefa, ka sake zagaye kowanne. Shafa fenti ko mai a sirara, ya bushe sosai kafin haɗawa.

Haɗawa

Mayar da turaka inda ka zana, su shiga da matsi amma kada su kumbura bayan jita. Ɗaure sukurorin sanda, sannan na ƙarshen allo, kada ka matse su har allon ya lanƙwasa ƙasa. Share mazaunin mazurari, ko ƙwayar ƙura guda na iya jawo zuza. Ɗaura tsirkiyoyin waje biyu tukuna, ka duba tsawo da tsakiya kafin ka rufe murfi, sannan sauran, kana ɗagawa a hankali.

Juya rodi har wuyan ya bar ɗan lanƙwasa na kimanin milimita 0.2 a tsakiya. Zurfafa ramukan matashi da kaɗan-kaɗan. Gwada sautin firet na 12 da na tsirkiya a sake. In na 12 ya haura, karkata bakin sirdi baya da magagari, iyakar gyaran da jakin zai ba ka ke nan. Ka bar jitar a ɗaure mako biyu, sabon wuya zai ɗan motsa, mazurari zai zauna. Bayan nan ka sake duba rodi da tsawon sirdi, sannan ka mayar da fararen ɗigogin da ke rufe sukurori.