Ƙanina na Kongo, harabar ABU ta Zariya, ga yadda za ka koyi kare talaka a kotu

A Amurka wasu ɗaliban lauya kan koyi aiki a kotunan ƙabilun asali. Mu a Zariya kotunan shari'ar Musulunci muka samu. Tun ina aji huɗu nake zuwa.

Ka sammaka, ka gaishe da magatakarda, ka zauna baya da littafinka. Ba ka da izinin tsayawa gaban alƙali tukuna, don haka ka maƙale wa lauya mai kare marasa hali, ko da ɗaukar fayil ne.

In kun je gidan gyaran hali, tambayi wanda ake tsare da shi ranar da aka kama shi. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade lokacin kai mutum kotu. Kada ka yi masa alkawarin beli. Ni na taɓa yi, har yau kunya nake ji.