Yadda ayarin motocin kwana (masu ɗakin barci a ciki) zai samu masauki kyauta a tsaunukan Amurka

1. Ku nemi filin gwamnatin tarayya, wato gandun dajin ƙasa (National Forest) ko filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnati, irin na jihar Kolorado. Zango kyauta ne, amma ba famfo, ba bayan gida, kuma a yawancin wurare kwana 14 ne iyaka.

2. Ku sauke taswirar MVUM ta hukumar gandun daji tun kuna cikin gari, don sabis ɗaukewa yake yi a kan dutse. Ita ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi.

3. Ku buga wa ofishin gandun waya, ku ji halin hanya da ko an hana hura wuta. In kun kai mutum 75, sai da takardar izini.

4. Nan ake yawan shan wuya. Kada ayari ya kutsa gaba ɗaya. A tura ƙaramar mota ta duba kwana mai tsanani, rassan da suka sunkuyo, laka, da uwa uba wurin juyawa. Doguwar mota in hanya ta ƙare mata, da baya za ta fito, ga gangare. Ku iso Talata ko Laraba, kafin 'yan hutun ƙarshen mako su cike wurin. Fili ɗaya bai ɗauke ku ba? Ku rabu gida biyu.

5. Ku sauka inda wasu suka taɓa yada zango, mita 60 daga rafi, ku tafi da shararku.