Yadda ake dasa itacen elm na Prairie Expedition a ƙasar sanyi

Idan kana zaune a Winnipeg ta Kanada ko Fargo ta Amurka, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili, ba kowane itace ne zai ga shekara ta biyu a ƙofar gidanka ba. Prairie Expedition yana jure wannan. Irin elm ɗin Amurka ne da Jami'ar Jihar Dakota ta Arewa ta fitar a 2004, daga wani itace guda da ya tsira a bakin kogin Wild Rice bayan cutar Dutch elm, wata cutar naman gwari mai kashe itatuwan elm, ta cinye 'yan'uwansa.

Fara da zaɓen wuri mai rana, nesa da bango da wayoyin lantarki, don yakan haura mita 15. Jira watan Mayu, ƙasa ta saki daga ƙanƙara.

Haƙa rami mai faɗi ninki biyu ko uku na dunƙulen saiwar, amma kada zurfinsa ya wuce dunƙulen. A nan yawancin mutane ke kuskure: sai su binne gindin, bayan 'yan shekaru itacen ya fara ramewa. Wurin da gindi ya buɗe ya zama saiwa, a bar shi daidai fuskar ƙasa. Mayar da ƙasar da ka haƙo, ka shayar sosai, sannan ka baza farfasasshen ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ba tare da ya taɓa gindin ba. Ban ruwa sau ɗaya a mako har shekara biyu, sai dai in an yi ruwan sama.

Kafin hunturu, sa wa gindin kariyar roba saboda zomaye da ɓeraye, ka cire ta da sanyi ya wuce.

Babban aikin shi ne datse rassa. Elm na girma da gaggawa, yana kuma son rabuwa gida biyu, wurin rabuwar nan ne iska ke tsagawa. Kowace shekara ka bar kai ɗaya, ka rage abokin gasarsa. Amma sai da sanyi, domin ɗanyen rauni na jawo ƙwaron da ke yaɗa cutar. A lardin Manitoba na Kanada doka ta hana datse elm daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Yuli, a maƙwabcinsa lardin Saskacewan kuwa har ƙarshen Agusta. Rassan da ka sare kuma kada ka ajiye su don makamashi, a cikin ɓawonsu ƙwaron ke hayayyafa.