Yadda ake shirya wa makafi bayanin murya a fim ɗin da aka ɗauko daga littafi

Bayanin murya shi ne muryar da ake sakawa a fim, a wuraren da 'yan wasa suka yi shiru, tana faɗa wa wanda ba ya gani abin da ke gudana a allo. A wani gidan wasan kwaikwayo na birnin Washington aka fara tsara shi a 1981, tashar WGBH ta Boston ta yaɗa shi a talabijin a 1990, Netflix kuma ta fara sa shi a 2015. Ni na fara yi ne saboda kawuna da ciwon ido ya raba shi da gani, kuma da Shaihu Umar na fara, fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun daga nan na zauna da matasa da dama masu son koyo, kusan dukkansu wuri guda suke tuntuɓe.

Da farko ka kalli fim ɗin sau biyu. Na farko ka juya wa allon baya, kunne kawai. Duk inda ka rasa wa ke magana ko ina aka koma, ka rubuta minti da daƙiƙar wurin. Na biyu ka kalla da ido, kana auna tsawon kowane shiru. Ni kalma biyu zuwa uku nake ba kowace daƙiƙa, wato shirun daƙiƙa huɗu ba ya ɗaukar fiye da kalma goma sha biyu. Tsofaffin finafinai suna da sauƙi a nan, domin ba sa gaggawa, suna barin fili mai yawa tsakanin magana da magana.

Sai rubutu, inda ake faɗuwa. Ka ajiye littafin nesa da kai. Wanda ya karanta littafi yana shigowa da labarin gaba ɗaya a kansa, sai ya riƙa ba da labarin littafi maimakon ya faɗi abin da idonsa ya gani. Haka na yi wa Kawu. Na rubuta masa cewa ran Makau, mijin mahaifiyar Umar, ya ɓaci saboda sharrin da fadawa suka ƙulla masa. Ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. "Ɗana, wannan littafin tun ina firamare na karanta shi. Sharrin na ji shi da kunnena. Abin da nake nema wurinka shi ne, yaya mutumin yake tsaye? Me ya sa a jikinsa?" Daren nan na yage shafi shida na sake.

Saboda haka kada ka ce wane yana baƙin ciki. Ka ce ya sunkuyar da kai, ko ya juya baya, ko hannunsa na rawa, gwargwadon abin da aka nuna. Mai sauraro ya fi ka iya karanta murya, zai gane sauran da kansa. Kada kuma ka kira mutum da sunansa kafin fim ya faɗa, ko da ka san shi daga littafi. Ka ce wani Balarabe mai rawani, har sai an ambaci sunansa. In fim ya tsallake wani babi, kai ma ka tsallake, ba aikinka ba ne cike gurbin. Kuma ka faɗi launi. Wasu suna ganin bai dace a gaya wa makaho launi ba, alhali da yawansu sun taɓa gani, wanda ma aka haifa a haka ya san bambancin mai farar riga da mai baƙa a wurin jama'a. Fim irin Shaihu Umar rabin daɗinsa a tufafi yake, da ginin ƙasa, da ayarin raƙuma a cikin rairayi.

Ba a hawa kan maganar ɗan wasa, ko da kalma ɗaya. Kiɗa ana iya hawa kansa kaɗan, waƙa kuwa a bar ta ta ƙare. Ƙarar da kowa ya sani, kamar kukan jariri ko haniniyar doki, ba ta buƙatar bayani.

Wajen naɗa, ba sai ka biya kuɗin situdiyo ba. Waya mai kyau ta isa, a ɗaki mai katifa da labule, da dare bayan an kashe janareto. Ka karanta da murya madaidaiciya, ba irin ta mai sharhin ƙwallo ba. Manhajar Audacity, ta gyaran sauti, kyauta ce: ka ɗora muryarka a layi daban, ka ɗan rage sautin fim a duk inda kake magana. Fim ɗin da ya haura awa biyu, ka raba shi minti goma-goma, in ba haka ba murya za ta dushe tun ba a je rabi ba.

Kafin ka kai wa jama'a, ka zaunar da makaho ɗaya ko biyu su saurara, ka ce su tsayar da kai duk inda suka ɓace ko ka cika su da surutu. In kuwa za ka ɗora a YouTube ko ka nuna a taro, ka nemi izinin masu fim ɗin tukuna.