In Allah ya kai ka Kolon, ga yadda za ka zaga ta cikin wuni guda

Ƴan'uwa na nan Yamai masu zuwa Jamus karatu ko fatauci, don Allah kar ku wuce Kolon cikin jirgin ƙasa kawai, ku sauka. Tsofaffinmu sun san sunan garin don daga can Muryar Jamus ke watso shirin Hausa kafin su koma Bon a 2003.

Ka iso da sassafe. Kana fitowa daga gar babban cocin na gabanka, ba sai ka tambayi kowa ba, hasumiyoyi biyu baƙi ƙirin masu tsawon mita 157. Ka tuna hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, sai ka ƙiyasta. An aza harsashin cocin a 1248, aiki ya tsaya shekaru aru-aru, aka koma kai a 1842 aka gama a 1880, shekara 632 kenan, magina nawa suka mutu ba su ga ƙarshensa ba, wallahi abin nan na tsaya min a rai sosai. A yaƙin duniya na biyu an ragargaza garin amma shi bai faɗi ba, har gobe ma'aikata na kan gyaran duwatsunsa kamar yadda ake sake yaɓen na Agadas.

Ka sayi tike ka hau hasumiyar kudu tun kafin mutane su cika. Matakala 533 ce kuma babu asansar, ka sa takalmi mara nauyi, mai ciwon gwiwa ya haƙura ya duba ciki kawai, tagogin gilas masu launi sun ishe shi kallo.

In ka sauko ka nemi gidan Farina masu yin turare, ba nisa da ƙafa. Turaren odkolon ɗin da muke saye a babbar kasuwa sunan garin nan ne ya ɗauka, tun 1709 suke sana'ar.

Sai ka tsallaka kogin Rain ta gadar Hohenzollern zuwa unguwar Deutz. Masu gareji ku ji wannan, a nan Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a 1876, irin tsarin da ke cikin motocinmu da kabu-kabun Yamai. Kamfanin Ford ma na da masana'anta a arewacin garin.

Sallah kuma babban masallaci na unguwar Ehrenfeld, ka shiga jirgin cikin gari, ƴan mintoci ne ka isa.